Akwatin da Ke Riƙe da Muryar Yaya

Zuwa ga Injiniyarmu, can tsakiyar teku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida kifayen da kuke maƙwabtaka da su. Da fatan jirgin ya daina juya miki ciki. Mu nan lafiya lau, ban da gwiwata ta hagu, wadda ta yanke shawarar yin ritaya kafin ni.

Har yanzu abin yana ba ni dariya. Aikinki shimfiɗa kebul a ƙasan teku don duniya ta samu ta yi hira, ke kuma ko kiran waya ba ki da halin yi, sai rubutu tsura, shi ma sai farantin tauraron ɗan'adam na jirginku ya ga dama. To, rubutu dai sana'ata ce. Na yi furfura a maɗaba'a ina tsince kurakuran mutane, ba ni da bakin ƙorafi.

Yanzu batun mahaifiyarki. Mun koma wurin likita, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ƙarin da ke maƙogwaronta sai an cire shi, za a kuma haɗa da wurin da murya ke fitowa. Ya ce rai, in Allah Ya so, za a tsira da shi. Murya kuwa ba za ta dawo ba. An sa aikin ƙarshen wata mai zuwa, wato kafin ki sauko. Yaya ta saurare shi tsaf, sannan ta dube ni ta ce, "To, ƙanena zai huta." Likitan ne ya yi dariya, ni ban iya ba. Matar da ta yi shugabancin makaranta, wadda in ta daka tsawa daga ofis har mai gadin ƙofa sai ya gyara tsayuwa!

Shi ya sa na ɗauko 'yar rikodar nan da kika bar mini, ina ɗaukar muryarta kullum da hantsi. Cikin rikodar bai fi na tsuntsu ba, don haka da mun gama sai in juye a kwamfuta in share, gobe a sake. Na farko-farkon duk shirme ne, faɗa kawai take yi mini. Amma yanzu ta ɗauki abin da gaske. Sai ta yi wanka, ta yafa mayafi kamar za ta gidan rediyo, ta zauna ta ba da labarin iyayenmu, da na marigayi mahaifinki. Shekaranjiya ta kore ni daga falo ta ce saƙonki ne ke kaɗai. Ta daɗe tana magana. Ban saurara ba, kuma ba zan saurara ba, duk da kin san kawunki da son karanta abin da ba nasa ba.

Baƙin akwatin nan naki, wanda kika ce yana kwafe duk abin da ke kwamfutata kowace yamma ba sai an roƙe shi ba, yana nan daram. Sai dai na ba shi sabon masauki. Yaya ta koma kwana a kujerar falo saboda kwanciya tana shaƙe ta, gurnaninsa kuma yana hana ta runtsawa. Na kai shi ɗakin littattafaina, na zaunar da shi tsakanin ƙamus biyu, ko ya ƙaru da ilimi. Koriyar fitilarsa tana ta ƙyafta mini ido.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Kwamfutar ta fara wata ƙara daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana yanke farce. Jiya kuma na kunna labarin kakarki, sai muryar ta ɗauke a tsakiya, ta dawo can gaba. Ko kunnena ne ya bi sahun gwiwata?

Yaya tana gaishe ki. Ta ce ki riƙa sa rigar sanyi.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ku. Ni lafiyata ƙalau, wasiƙarka kuma ta iso. Na karanta maganar likitan har na haddace ta, sauran kuwa ban san me na gani ba.

Me ya sa ba a gaya mini tun farko ba cewa abin ya kai haka? Umma tana iya cin abinci? Tana jin zafi in ta haɗiye? Kada ka rage mini komai, Kawu, na san halinka, kana iya ba da labarin gobara mutum ya yi ta dariya.

Na yi magana da shugaban aikinmu. Ba yadda za a yi in sauka, muna nesa da kowace gaɓa. Amma ya yi alkawarin zai ba ni layin kiran jirgi kafin ranar aikin, in ji muryarta da kunnena ko sau ɗaya ne. Ka gaya mata ta tanadi faɗan da za ta yi mini.

Batun akwati kada ya dame ka. Aikinsa ke nan. Ko kwamfutar ta faɗa rijiya, abin da ke cikinta yana wurinsa. Kai dai ka riƙa barin ta a kunne da yamma. Ƙarar da ka ce tana yi kuwa ba ta yi mini daɗi ba. Kullum take yi ko jefi-jefi? Ka rubuto mini.

An ce iska mai ƙarfi tana tafe, ana ta ɗaure kaya. Dole in tafi. Ka ci gaba da ɗauka, don Allah. Komai ta faɗa, ko tari ne.

Autar Umma.

*

Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa tana nan da halinta. Yaya tana shan abu mai ruwa-ruwa, mai kauri kuwa ya fara gagarar ta. Kin ce kada in rage miki komai, to ban rage ba.

Kin tambayi ƙarar. Da jefi-jefi ce, yanzu ta zama 'yar gida. In na buɗe kwamfutar sai ta yi ta tunani kamar tsohon da aka tambaya inda ya ajiye makulli. Na zauna na bi muryoyin ɗaya bayan ɗaya, yadda nake bin shafi in an kawo mini daga injin bugu. Wallahi, 'yata, abin da na tarar ya sa na kasa shan shayina. Wanda na saurara lafiya lau a makon jiya, yau ya zama shuuu, kamar ruwan sama a kan kwano. Labarin mahaifinki ya tsaya a daidai inda ta ce, "Ranar da ya fara zuwa gidanmu, sai ya..." Shi ke nan. Sai ya me? Ni ina wurin aka yi, amma ba ni kike son ji ba.

Na saba da kuskure. Kuskuren takarda yana da kunya, inda ka bar shi nan za ka same shi. Wannan kuwa yawo yake yi. Kullum na duba sai in ga ya ci wani wuri, kamar gara a cikin kabad. Saƙonki ban taɓa shi ba. Ina ganin sunansa a jere da sauran, ina tsoron in danna in ji shuuu, ina kuma tsoron in danna in ji abin da ba a ce in ji ba.

Abin da ke riƙe da ni shi ne maganarki, cewa komai yana wurin akwati. Saboda haka yanzu ba da yamma kaɗai nake barin kwamfutar a kunne ba, wuni take yi, don akwatin ya sha ya ƙoshi. Nakan leƙa ɗakin littattafai in ga koriyar fitilar nan, sai in ji sanyi a raina. Dubi inda karatu ya kai ni. Na karanta masana da yawa a kan abin da ya cancanci mutum ya dogara da shi, ga ni na ƙare a gaban fitilar da ba ta kai ƙwayar wake ba.

Na gwada mu sake ɗaukar labarin mahaifinki, ban gaya mata dalili ba, na ce ƙarar mota ce ta shiga. Ta yi wankanta, ta yafa mayafinta, ta buɗe baki. Abin da ya fito kamar ana jan buhu a kan siminti. Ta yi jimla biyu ta tsaya, ta ce, "Ai ka riga ka ɗauka. Na farkon ya isa." Na ce ya isa, Yaya.

Ki rubuto da wuri. Ki ce mini garar nan ba ta iya bin iska ta shiga akwati.

Kawunki.

*

Injiniya,

Gaisuwa a gurguje. Ban ji daga gare ki ba. Ina gaya wa kaina iskar da kika ambata ce, kuma jirginku babba ne. Ina buɗe saƙonni har mai kemis ɗin da ke jikin gidanmu ya fara tambaya ko wata nake nema.

Numfashin Yaya ya tsananta. Mun je asibiti, likita ya duba ya ce ba za a jira ƙarshen wata ba. Jibi da safe za a shiga da ita. In akwai yadda za a yi shugaban naku ya ba ki layin nan, to yanzu ne. Wayata tana aljihun gaban rigata, ko wanka zan shiga da ita nake zuwa.

Ɗazu muna haɗa mata jaka, tana nuna mini abin da zan saka da yatsa don ta adana 'yar muryar da ta rage. Sai ta kama hannun rigata ta jawo ni kusa, ta ce a hankali, "Saƙon Auta, ya ajiyu?" Na ce ya ajiyu. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Yaya, wuri biyu ma." Ta sake ni.

Ban yi mata ƙarya ba, ko? Ki ce mini ban yi ba.

Kawunki.

*

Kawu,

Innalillahi. Yanzu-yanzu wasiƙunka biyu suka shigo tare. Iskar ta karya mana farantin, sai yau aka gyara. Na duba ranar da ka rubuta ta biyun, na ga jibin da kake faɗa ya riga ya wuce. Kawu, Umma fa? Tana raye? Ka fara da wannan, kada ka gaishe ni, kada ka ba ni labarin gwiwa.

Na je wurin shugabanmu ina kuka, ya miƙo mini layin, sai na tsaya riƙe da shi. In kira in ji wa?

Ka saurare ni da kyau. Ka kashe kwamfutar nan yanzu. Kada ka buɗe komai, kada ka gwada komai. Ƙarar da kake ji ma'ajiyar cikinta ce take mutuwa, kuma duk wunin da ta yi a kunne ƙara kashe ta yake yi. Da na gaya maka haka tun a wasiƙar farko, hankalina ne ba ya jikina.

Ga abin da ya fi tsorata ni. Akwatin nan, yadda na saita shi, madubi ne. Abin da ya gani a kwamfuta shi yake ɗauka ya ɗora a kan na jiya. Ba ya sanin mai kyau da ruɓaɓɓe. In murya ta lalace a kwamfuta, yana iya ɗaukar lalatacciyar da yamma ya shafe mai kyaun da ita, kuma fitilarsa ba za ta canza launi ba, don a wurinsa ya yi aikinsa. Garar da kake tambaya tana iya shiga, Kawu. Mu muka buɗe mata ƙofa.

Ka je bayan akwatin. Akwai kebul biyu, baƙi na wuta, da shuɗi wanda ya haɗa shi da na'urar intanet. Ka zare shuɗin. Wataƙila akwai abin da bai kai ga shafewa ba.

Ka rubuto ko layi ɗaya ne. Ina zaune a gaban allon nan, ba inda za ni.

Auta.

*

Auta,

Tana raye. An yi aikin, an gama lafiya, likita ya ce ya cire abin duka. Ki yi hamdala, ki sha ruwa, sannan ki ci gaba da karatu.

Na wuni a wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa, kan benci mai ƙafa ɗaya gajera. Na tafi da littafi, na buɗe shi, har aka fito da ita ina shafi guda. Yanzu tana kwance da bututu a wuya, an ba ta ɗan farin allo da alƙalami. Kin san abin da ta fara rubutawa bayan ta farfaɗo? "Hularka a karkace take." Na gyara. Malamar jinya ta ce ba ta taɓa ganin wanda aka yi wa faɗa a rubuce yana murna haka ba. Na biyun da ta rubuta sunanki ne da alamar tambaya. Na ce iska ce ta hana ki, kina lafiya. Ta rufe ido.

Yanzu ɗayan batun. Ki zauna in kina tsaye.

Na dawo gida na tarar da saƙonki. Kwamfutar ban ma samu damar kashe ta ba, ta riga ni. Allonta baƙi ƙirin, da wani ɗan rubutu fari a sama, tana ta ƙas-ƙas ita kaɗai a ɗaki. Na zare ta daga wuta na kai wa mai gyara. Ya kara kunnensa a jikinta kamar likita, ya buɗe, ya gwada abin da zai gwada. Da na koma sai ya girgiza kai. Ya ce ko harafi ɗaya ba ta bari a karanta.

Na shiga ɗakin littattafai don in zare shuɗin kebul kamar yadda kika ce. Na juya akwatin. Auta, kebul ɗaya ne a bayansa, baƙi.

Na tsaya ina kallon ramin da babu komai a ciki. Sannan na ɗaga kai na ga shuɗin. Yana jikin taga, na ɗaure labule da shi.

Ranar da na ɗauke akwatin daga falo, na ga shuɗin ba zai kai ɗakin littattafai ba. Sai na yi nazari irin na masu ilimi. Na ce kwamfutata ba ta da wata igiya, ta iska take magana da na'urar intanet, to me zai hana akwati ya yi haka? Na ɗauka kebul ɗin irin kalmar nan ce da marubuci ke cusawa don ado, wadda in ka soke ta ba abin da ke raguwa a jimla. Na soke shi. Na sa akwatin a wuta, fitila ta kama, na ce ka gani.

To yanzu ki gaya mini, don kaina ya ƙi lissafin. Wannan fitilar da na yi ta zuwa gaisarwa, me take cewa? Cewa take yi ta ajiye, ko cewa kawai take yi akwai wuta? In tun ranar nan akwatin bai sake jin ɗuriyar kwamfutar ba, to garar ba ta shiga ba. Amma labarin iyayenmu ma bai shiga ba, da na mahaifinki, da saƙonki. Duk bayan ƙaurar aka ɗauke su.

Ban buɗe akwatin ba. Na kashe shi na lulluɓe shi da tawul, ban san dalili ba. Gobe zan koma asibiti, kuma na san abin da za ta rubuta a allon nan. Ina jin tsoron hannunta fiye da yadda na taɓa jin tsoron bakinta.

Kawunki.

*

Kawu,

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Na fita bayan jirgi na yi kukana inda injin zai rufe, na dawo. Ka sumbaci hannunta ka ce daga Auta. Ka ce mata tana nan, wannan ya fi mini komai, kuma da gaske nake.

Amma ba zan ɓoye maka ba, na karanta batun labulen na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu daban. Fitilar wuta ce kawai, Kawu. Gargaɗin yana can a kusurwar allon kwamfuta, ɗan ƙaramin abu da ba wanda zai lura da shi. Ban taɓa nuna maka ba.

Abin da ke cikin akwatin yanzu shi ne abin da ya kwafa kafin ka ɗauke shi, in ma yana kwafewa daidai a lokacin. Wannan ma ban tabbata ba. Tun da na saita shi ban taɓa buɗewa na gwada ko da abu ɗaya ba. Yana iya zama cike, yana iya zama wayam.

Ka roƙi mai kemis ya zo da kwamfutarsa. Ku mayar da akwatin falo, ku kwance labulen, ku sa shuɗin a inda yake. Kalmar sirrin akwatin sunan da Umma take kirana da shi ne. Kada ku goge komai, kada ku matsar da komai. Duk abin da kuka gani, ku fara kwafe shi a wani wuri kafin ku saurara.

Da na so in ce in babu komai kada ka gaya mini sai na dawo. Na fasa. Ka gaya mini. Na yi ta ƙoƙarin tuno yadda take kiran sunana, sai in ji kalmar amma ban ji muryar ba. Tun yanzu, Kawu. Ko wata biyu ban yi ba rabona da ita.

Auta.

*

Injiniyarmu,

Sallama, da gaisuwa irin ta wanda ya samu barci. An sallamo Yaya. Tana falo a kujerarta, bututun yana nan, allon yana kan cinyarta, alƙalami na biyu ke nan ta ƙarar a kaina. Gwiwa ta ce a gaishe ki.

Tun a asibiti na gaya mata gaskiya. Ta rubuta, "Ya ajiyu?" Na ce, Yaya, ban sani ba, kuma ga abin da na yi. Na ba ta labarin labule. Ta jawo allonta. Sannan ta rubuta kalma ɗaya ta ja mata layi biyu a ƙasa. Ba zan maimaita ta ba, amma ba kuskuren rubutu a cikinta.

Mai kemis ya zo jiya da la'asar bayan ya rufe shago. Muka mayar da akwatin mazauninsa, muka sa shuɗin. Ya yi gurnani, ya yi shiru, ya sake gurnani. Yaya ta ƙi a kai ta ɗaki, ta ce a gabanta za a yi. Mai kemis yana dannawa, ni na juya baya ina karanta kalandar bango kamar ban taɓa ganin wata ba. Sai na ji ya ce, "Malam, akwai abu."

Ga lissafin, ba ragi. Saƙonki babu. Labarin mahaifinki babu, na iyayenmu babu. Duk abin da ta yi wanka ta yafa mayafi ta faɗa, ya tafi tare da kwamfutar. Abin da ya rage shi ne na kwanakin farko, waɗanda na ce miki shirme ne, har na yi niyyar gogewa ban samu sukuni ba. Muka kwafe su a kwamfutar mai kemis, da wayata, da wayar Yaya, sannan muka kunna na farko. Tun da jirginku ba ya karɓar murya, bari in rubuta miki yadda yake.

Ni na fara. "To, Yaya, na kunna."

"Ka kunna me? Wannan abin kamar ashana?"

"Ki fara da faɗin sunanki."

"Sunana? Ni na goye ka, yau kake tambayar sunana?"

"Don tarihi ne, Yaya."

"Tarihin gidanku. Sauke ƙafarka daga kan teburin nan!"

Sai ƙarar ƙafata tana sauka. Sai dariyarta. Auta, ba irin muryar da na yi ta ɗauka daga baya ba ce, wadda ciwo ya riga ya kankare. Wannan cikakkiya ce, ta shugabar makaranta, har lasifikar kwamfutar tana zirr. Mai kemis da ke zaune sai da ya janye tasa ƙafar.

Can gaba kaɗan aka ƙwanƙwasa ƙofa, ina jin mai kawo ruwa ne. Sai ta ɗaga murya yadda ta saba, ta ce, "Auta! Ke Auta! Duba ƙofa!" Aka sake ƙwanƙwasawa. Sannan ta ce a hankali, "Au. Na manta tana cikin ruwa."

Ban san me ya faru a falon ba bayan nan, don tabarauna ya yi hazo. Da na goge, na ga Yaya kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, ba sauti, hawaye yana bin gefen bututun. Ta buga allon da alƙalami, ta rubuta, "Sake." Muka sake. Sai da mai kemis ya ce matarsa za ta zo nemansa.

Saƙonki ta ce za ta rubuta miki shi da hannunta, a hankali, kuma in na kuskura na gyara mata ko waƙafi ɗaya sai ta saɓa mini. Ta riga ta fara. Ba zai zama daidai da wancan ba, ita ma ta sani, ban kuma ce mata zai zama ba.

Akwatin yana falo, shuɗin yana bayansa, labulen ɗakina yana reto. Ba na ƙara yarda da fitilarsa. In kin dawo za ki zaunar da ni ki koya mini yadda ake buɗe shi a gani da ido.

Sai dai ki san halin da kika jefa ni. Kafin mai kemis ya tafi, Yaya ta sa shi ya yanko mata wurare biyu daga muryar ya ajiye a fuskar wayarta. Yau da safe na zauna da jarida, na miƙe gwiwar nan tawa mai ciwo a kan tebur. Ban ankara ba sai na ji falo ya ɗauka, "Sauke ƙafarka daga kan teburin nan!" Saura kaɗan in kifar da shayi. Tana zaune tana kallona, yatsanta a kan wayar. Ta danna shi har ya fi a ƙirga kafin azahar, wani lokacin ma ƙafata tana ƙasa.

Yankin na biyu, inda take kiran sunanki, ba ta taɓa shi ba. Na tambaye ta, ta rubuta cewa wannan ba nawa ba ne. Ta ce ranar da za ki dawo kada in je tarbo ki, kada kuma in bar ƙofa a buɗe. Ki zo da kanki ki ƙwanƙwasa.

Kawunki.